INA AIKI? DA GODIYA



Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kai ɗalibi ne da aka miƙa wa wannan mujalla a aji, ko kuwa uba ne ko uwa da yaro ya kawo wa ita gida, ina so ka ara mini kunnenka mu ɗan tattauna a kan wata kalma wadda ba ma wuni ba mu faɗe ta ba.

Ka tsaya a bakin Ƙofar Doka da hantsi, ko ka ratsa ta Babban Dodo, ka saurari gaisuwar mutane. Ina aiki? Da godiya. Yaya iyali? Alhamdu lillahi. Yaya mai jiki? Da sauƙi, mun gode Allah. Ko da mutum yana kwance rai a hannun Allah, amsar ke nan. Wannan tarbiyya ce mai kyau da muka gada daga iyaye da kakanni, kuma ba na fatan ganin ranar da za ta ɓace. To amma fa abin da nake ji wa tsoro shi ne, kalmar ta zama kamar tsohon kwabo wanda ya daɗe yana yawo hannu-hannu har rubutun jikinsa ya goge. Baki yana cewa da godiya, ita kuwa zuciya tana can tana lissafin sabon babur ɗin maƙwabci. A ganina, idan aka tare mutum aka ce masa, to Malam, godiyar me kake yi, ya kasa kawo abu guda da sunansa, to wannan gaisuwa ya yi kawai, da sauransa tukuna.

Malamai sun daɗe da yi mana bayanin haka. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din a kan haƙuri da godiya, inda ya nuna cewa ita godiya tana farawa ne da sanin ni'imar da sanin Wanda Ya ba da ita, sannan farin ciki ya biyo baya, sannan aiki. Ka duba Suratu Saba'i aya ta 13, za ka ga iyalan Annabi Dawuda (AS) aiki aka umarce su da shi a matsayin godiya. Manzon Allah (SAW) kuwa, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari, yakan tsaya sallar dare har ƙafafunsa su kumbura, kuma da aka tambaye shi dalili, godiya ya ambata. Saboda haka bari in ɗan ƙirga maka daga abin da ke gabana, a matsayina na malamin makaranta mai ɗan taɓa rubuce-rubuce, kai ma ka ƙirga naka.

Na farko dai, wannan idon da kake karanta rubutuna da shi, yaushe rabon da ka sa shi cikin lissafi?

Mu Zage-zagi ba mu da uzuri a wannan magana, domin kuwa a ƙasarmu aka yi Malam Aliyu Namangi, Allah Ya jiƙansa da rahama. An haife shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, ya rayu shekara casa'in da ɗoriya, ya rasu a 1990. Bai taɓa ganin baƙi a kan takarda ba. Bai san siffar alifi ba balle ta ba. Duk karatun da ya yi da kunne ya yi shi, ya ajiye a ka. Amma shi ne ya tsara waƙoƙin Imfiraji, waɗanda aka buga a nan Zariya, suka bazu ƙasar Hausa baki ɗaya, har ya kasance da wuya ka sami Bahaushen da bai taɓa jin muryar waƙar ba, ko a bakin makafi masu bara, ko a gidan rediyo, ko a bakin tsohuwa tana tsintar shinkafa. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, aka riƙa kiransa Dokta.

Ku ɗalibai masu karatun Larabci, ku lura da sunan da ya zaɓa. Kalmar infiraj tana nufin yayewar ƙunci, wato buɗi bayan matsi. Mutumin da duniya take duhu a gare shi tun yarinta, shi ne ya raɗa wa aikinsa wannan suna. Da ya so, da ya zauna ya tsara waƙar kukan makanta, kuma wallahi babu mai ganin laifinsa. Sai ya ɗauki abin da aka bar masa, wato kunne da harshe da ƙwaƙwalwa, ya sa su yabon Manzon Allah da wa'azi da tunatar da mutane mutuwa. Ni a wurina wannan shi ne tafsirin godiyar aiki da muka gani a garinmu, gani kuwa ya kori ji. To kai mai ido biyu, wanda aka saya wa littafi da biro, aka biya maka kuɗin makaranta, aka ce ka kwafe darasi shafi ɗaya rak, ka ce ka gaji, me za ka ce in an tsayar da kai kusa da shi?

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba game da wannan bawan Allah. Tunda ba ya gani, ai dole wani ne ya riƙe alƙalami ya rubuta abin da yake faɗa. Wani ne ya ja masa sanda zuwa zauren malamai. Wani ne ya karanta masa littafi har ya haddace. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisin Abdullahi ɗan Abbas wanda ya nuna cewa lafiya da samun sarari ni'imomi ne guda biyu da yawancin mutane ke tafka asara a kansu. Dalilin asarar kuwa shi ne ita lafiya ba ta da ƙara. Haƙori talatin da ɗaya suna zaune shiru ba ka san da su ba, guda ɗaya ya motsa, sai ka kwana kana salati. Ku tambayi kakanninku labarin agana, cutar da ta makantar da yara masu yawa, ta bar wa wasu zanzana a fuska. An yi ta lamba gida-gida har Allah Ya kawo ƙarshenta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar kawar da ita daga doron ƙasa a 1980. Yau yaro zai girma har ya yi gemu bai san ma'anar kalmar ba. Ku tambayi iyayenku sanƙarau na shekarar 1996, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, yawancinsu a Arewa, ya kashe fiye da 11,000. Na shekarar 2020 kuwa ku da kanku kun gani, lokacin korona, da aka rufe makarantu har da irin tamu, aka wayi gari allo na jingine, aji babu kowa sai ƙadangaru. Yaran da ke neman hanyar gudun makaranta su ne suka dawo suna tambayar yaushe za a buɗe. A watan Agustan wannan shekarar ne kuma aka tabbatar da cewa ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙare a nahiyar Afirka, Nijeriya ce ƙasar ƙarshe da ta rabu da ita.

A nan zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa wasu iyaye daɗi ba. Uban da ke cewa alhamdu lillahi yarana lafiya ƙalau, amma kwatar ƙofar gidansa ta toshe tun damina, gidan sauron da aka ba shi ya kai shi lambu ya kewaye tumatir, in yaro ya yi zazzaɓi sai ya kwana uku ana jiƙe-jiƙe kafin a nufi asibiti, wannan bai riƙe amanar ni'imar ba. Na san cewa abin da ya faru a Kano a 1996, na gwajin wani magani a kan yara masu sanƙarau, ya bar tabo a zukatan jama'a, kuma tsoron da ya haifar yana da tushe. Amma maganin tsoro tambaya ne. Muna da 'ya'yanmu Musulmi likitoci da ma'aikatan jinya, wasu ma a irin waɗannan azuzuwa suka yi Ahalari da Ishmawi. A je a tambaye su. Mashaƙon da ya ɓarke a Arewa a 2023, yawancin yaran da ya kama ba su sami cikakken rigakafi ba.

Shi kansa numfashin, wa ya ba mu tabbacinsa? Ranar Juma'a 11 ga watan Agusta na 2023, mutane suka yi alwala suka shiga babban masallacin Juma'a na ƙofar fada don sallar La'asar, ginin da Babban Gwani ya yi tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wani sashe na rufin ya rufto, bayin Allah suka cika a cikin sahu. Allah Ya karɓi shahadarsu. Duk wanda ya fita sallah ya dawo gida da ƙafarsa, an ba shi kyauta ne.

Yanzu mu koma kan masu riƙe alƙalami da masu jan sanda. Duk rubutun da ka gani an sa sunan mutum ɗaya a ƙarƙashinsa, to ka sani hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ɗan rubutu da kake karantawa, bayan sallar Isha'i nake samun yinsa, kuma ba zai yiwu ba sai don akwai wadda ke janye yara zuwa ɗaki, ta lallashi mai kuka, in an ɗauke wuta ta miƙo mini fitilar da ita ma take bukata. Kafin ita kuma akwai mahaifiya, wadda ta yi ƙuli-ƙuli ta sayar don kada Laraba ta zo a rasa kuɗin Laraba, wadda ke tashina da asuba cikin hunturu, ta ɗumama ruwan alwala, ta tura ni makaranta ina ƙunƙuni. Sunan waɗannan mata ba ya fitowa a mujalla. Ba a kiran su ranar walimar sauka a ba su takardar shaida. Amma in ka cire su, babu malamin, babu rubutun.

To me ya sa yake mana nauyi mu ce musu mun gode? Mutum zai yi wa mai shayi godiya, ya yi wa ɗan acaɓa godiya don ya ba shi canji daidai, ya shiga gida a ajiye masa tuwon da aka sha hayaƙi kafin a tuƙa, ya cinye ya wanke hannu, abin da kawai za a ji daga bakinsa shi ne gishiri ya yi yawa. In ka yi magana a ce ai kunya ce, mu Hausawa ba mu saba ba. Ina girmama kunya. Kunya ce ke hana uwa kiran sunan ɗan fari, ita ce ke hana mace kiran sunan maigidanta, kuma duk wannan ado ne. Amma ba ta taɓa hana mu faɗin laifi ba, to don me sai wajen yabo za ta tashi? Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, ya nuna wanda ya rasa ta biyun ya rasa ta farkon. A Suratu Luƙman aya ta 14 an haɗa godiya ga Allah da godiya ga iyaye wuri guda. Kuma wa ya kai Manzon Allah (SAW) kunya? Duk da haka bayan rasuwar Nana Hadiza bai daina ambaton alherinta ba, har in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Ka ji fa, ƙawayenta ma.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma cikin abin da ta bari akwai marsiyyoyi, wato waƙoƙin ta'aziyya, da ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo da wasu mata da ta zauna da su, tana ambaton halayensu na kirki ɗaya bayan ɗaya. Abin koyi ne. Sai dai mu da ba mu da baiwarta, gara mu faɗi namu tun mai shi yana da kunnen ji.

Ya kai maigida, yau in ka ci ka ƙoshi, ka ce sannu da aiki, Allah Ya yi miki albarka, ka bar yara su ji ka faɗa. Rawaninka ba zai faɗi ba. Ke kuma uwargida, Malam ya shigo da cefane ko da rabin abin da kika rubuta ne, ki tuna ranar da ya sha kafin ya samo shi. Ku kuma yara, wankin kayan makarantarku ba aljanu ke yi ba.

Sai alƙalami. Kakanninmu malaman Unguwar Juma da Kona da sauran zaurukan birnin nan, in ɗayansu zai yi rubutu, sai ya yanko kara ya feƙe, ya jiƙa bagaruwa, ya sa ƙaro, ya haɗa tawadarsa da kansa. Takarda kuwa, yawancinta daga ƙasar Italiya take tasowa, ta sauka Tarabulus, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. In ka sami tsohon littafi na wancan zamani ka ɗaga warƙa ɗaya ka haska ta da rana, sau da yawa za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta. Saboda tsadarta ba a barin gefe ya tafi a banza, shi ya sa kake ganin sharhi ya kewaye shafi kamar tururuwa. Da haka suka kwafe Muhtasar da Risala da Ishiriniya, kwafi bayan kwafi. Har sarakunanmu ba a bar su a baya ba. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau gado a 1903, mawaƙi ne na gaske. Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1924. An raba shi da sarauta, amma har gobe ana nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i.

Da zamanin ɗab'i ya zo, nan ma Zariya Allah Ya zaɓa. A nan Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. A nan Alhaji Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Wato dai ɗan Zariya, ko ta ajami ko ta boko, a cikin gidan rubutu aka haife shi. Yau ga takarda a kowane kanti, ga biro, ga wayar hannu wadda yaro zai rubuta abu yanzu a karanta shi a Makka kafin ya ajiye ta. Me muke rubutawa? Na bar maka amsar. Ajamin ma da yawan yaranmu ba sa iya karanta wanda ke jikin takardar naira 500, alhali an riga an cire shi daga ƙananan takardun kuɗi tun 2007. Wannan ne ya sa muka nace sai mujallar nan ta riƙa fitowa da rubutun biyu, duk da wahalar da hakan ke ba masu shirya ta.

Na san akwai mai cewa, Malam kana ta wa'azin godiya, ka je kasuwa kwanan nan kuwa? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 magidanci bai huta ba. Akwai gidajen da sau ɗaya ake ɗora tukunya. Akwai manoman da gona ta gagare su saboda 'yan bindiga. Ashe kiran mutane su yi godiya ba wata hanya ce ta cewa su yi shiru ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne an sha amfani da kalmar haƙuri da ta godiya don a rufe bakin talaka. Amma a duba, godiya tana da inda ake kai ta, ƙara ma tana da inda ake kai ta. Allah ake gode wa a kan ido da numfashi da 'ya'ya, shi kuwa wanda aka damƙa wa amanar jama'a ya ci, gaskiya ake gaya masa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fi mu sanin godiya nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya rubuta Kitabul Farƙi yana zayyana zaluncin sarakunan zamaninsa. Hasali ma, mai alƙalami da lafiyar riƙe shi, in ya ga ɓarna ya rubuta ta da adalci da ladabi, ya yi amfani da ni'imar inda ta dace. Abin da na lura da shi a aji shi ne, yaron da a gidansu ba a jin komai sai ƙorafi daga safe har dare, shi ne ke fara cewa karatu ba shi da amfani. Wanda kuwa ake nuna masa ɗan abin da ake da shi, ko da ƙanƙane ne, yakan zo da ƙarfin zuciya ko cikinsa babu nauyi.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ku ɗalibai, a fitowa ta gaba mun ware muku shafi biyu. Kowa ya rubuta rabin shafi a kan mutum ɗaya da ya yi masa wani alheri, ya faɗi alherin dalla-dalla, ranar da aka yi da yadda aka yi. Kada ka rubuta mini cewa iyaye suna da muhimmanci, wannan kowa ya sani. Ka rubuta daren da Inna ta goya ka zuwa asibiti cikin ruwan sama, ko ranar da yayarka ta bar maka takalminta. Da ajami ko da boko, duk wanda ka fi iyawa, wanda ya yi da duka biyun shi za mu fara bugawa. A miƙa wa malamin aji, kuma kafin ka miƙa, ka karanta wa mai shi ya ji.

Ku kuma iyaye, gidaje da yawa a birnin nan akwai tsohuwar gafaka ko adaka cike da takardun kakanni a kusurwar zaure, gara tana ci, ɗigar damina tana jiƙawa. Don Allah a ɗaga su daga ƙasa, a ɗora a kan katako nesa da bango. Kada a liƙa musu salatif, kada a kai su a manne su cikin leda da zafi, domin yana lalata takarda da tawada. A naɗe su cikin farin ƙyalle mai tsabta, a sa busasshen ganyen dogon yaro a cikin adakar saboda ƙwari, kuma kada a canza jerin warƙoƙin, domin yawancinsu ba su da lambar shafi, kalmar da ke ƙasan kowace warƙa ita ke nuna wadda ke bin ta. Wanda ke son a karanta masa abin da ke ciki, ya same mu a makaranta ranar Alhamis bayan La'asar.